ALBASHIN MANYAN INJINIYOYI: LADAN ME AKE BIYA?

Daga wani ɗalibin aji biyar, ɗan Dingyadi



Kowa ya san cewa duk ranar da aka zauna hirar aikin da mutum yake so ya yi bayan ya gama makaranta, tambayar da ake fara yi ita ce, "Nawa ake biya?" Ɗalibai suna yin wannan tambaya, iyaye ma suna yi, kuma babu laifi a ciki, gama wanda ya sha wahalar noma ya biya wa ɗansa kuɗin littafi yana da hakkin ya san inda wahalarsa za ta kai shi. Daga cikin ayyukan da aka fi jin labarin maiƙonsu akwai na manyan injiniyoyi masu shugabantar ma'aikata a wuraren wutar lantarki da na man fetur. Saboda haka na ga ya kyautu mu duba wannan aiki da kyau, mu san wane ne mai yin sa, wa yake biyan sa, yaya ake tsara albashin, kuma shekara nawa mutum zai yi kafin ya taka wannan matsayi.

Wane ne manajan injiniyoyi?

Hanya mafi sauƙi ta gane wannan mutum ita ce mu bi wutar da muke kunnawa mu ga daga ina take fitowa. Babbar hanyar da wuta take biyowa zuwa ƙasar Sakkwato ta taso ne daga madatsar ruwa ta Kainji da ke kan Kogin Kwara, wadda aka gama ginawa a 1968, aka kafa mata injuna takwas masu ƙarfin megawat 760. Daga can manyan wayoyi masu ɗaukar bolt dubu 330 suke kawo wutar Birnin Kebbi. A Birnin Kebbi ake rage ƙarfinta zuwa bolt dubu 132, a turo ta Sakkwato, wani reshe kuma ya nufi Yamai ta Jamhuriyar Nijar. In ta iso, sai a sake rage ta zuwa bolt dubu 33, sannan dubu 11, har ta zo taransifomar unguwa, wadda ita ce take mayar da ita daidai yadda ƙwan fitila da fanka za su iya ɗauka.

A kowane zango na wannan doguwar tafiya akwai ma'aikata: masu hawa falwaya, masu gyaran taransifoma, masu gadin na'urori dare da rana, da ƙananan injiniyoyi. A bisa kansu kuma akwai mutum ɗaya wanda in abu ya ɓaci shi za a fara kira. Shi ne yake tsara ranar da za a tsayar da inji a duba lafiyarsa, shi yake lissafin kuɗin kayan gyara, shi yake raba wa ma'aikata aiki, kuma da izininsa ake kashe layi kafin wani ya hau ya taɓa waya. Wannan shi ne manajan injiniyoyi. Irinsa yana nan a matatar mai, da wurin haƙo mai da iskar gas, da kuma manyan masana'antu masu tashar wutar kansu, kamar kamfanin siminti na Kalambaina.

Ke nan aikinsa biyu ne a haɗe. Dole ya san inji kamar yadda manomi ya san gonarsa, dole kuma ya iya tafiyar da mutane da kuɗi. Kuskuren ƙaramin ma'aikaci yakan tsaya a falwaya ɗaya. Kuskuren manaja kuwa yana iya ƙona taransifomar miliyoyin naira, ko ya jefa jihohi cikin duhu, ko ma, Allah ya kiyaye, ya yi sanadin ran ma'aikaci. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Albashin nan da ake ta magana a kai ladan wannan nauyi ne.

Su wa suke biyan albashin?

A zamanin kakanninmu amsar mai sauƙi ce, domin gwamnati ce mai wuta, ita ce kuma mai biya. Hukumar lantarki ta farko ta ƙasa baki ɗaya, wato ECN, ta fara aiki a 1951. A 1962 aka kafa wata hukuma ta kula da madatsun Kogin Kwara. A 1972 aka haɗe su biyun suka zama NEPA, sunan da har gobe yara suke kira da ihu in an kawo wuta, ko da yake hukumar ta daɗe da shuɗewa. A 2005 aka yi dokar da ta mayar da ita PHCN, a 2013 kuma aka miƙa yawancin sassanta ga 'yan kasuwa. Aka sami kamfanoni 11 na rarraba wuta, da wasu na samar da ita, gwamnati ta riƙe kamfanin TCN mai kula da manyan layuka. Jihohin Sakkwato da Kebbi da Zamfara da Kaduna suka faɗa ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna, wanda aka miƙa wa masu shi a ƙarshen 2014.

A ɓangaren mai, an kafa NNPC a 1977, an buɗe matatar Kaduna a 1980. Bayan dokar man fetur ta 2021, an ƙaddamar da NNPC a matsayin kamfani a 2022, a 2023 kuma aka yi bikin buɗe matatar Dangote a Legas.

Abin da wannan tarihi yake nuna mana shi ne, yau masu biyan injiniya iri uku ne, kuma kowa da mudunsa. Na farko ita ce gwamnati, wato ma'aikatu da hukumomi. Albashinta a rubuce yake a jadawali, kowa ya san na kowa, ba shi da yawa ainun, amma aikin yana da tabbas. Na biyu su ne kamfanonin wuta na 'yan kasuwa. A nan ciniki ake yi tsakanin kamfani da ma'aikaci ko ƙungiyarsa, mai ƙwarewa yana iya samun fiye da na gwamnati, sai dai in kamfani ya ga ba ya cin riba yana iya rage ma'aikata. An ga haka bayan cinikin 2013, lokacin da aka sallami ma'aikatan PHCN masu yawa. Na uku su ne kamfanonin mai da iskar gas, waɗanda su ne suka fi kowa biya a ƙasar nan. Dalili kuwa shi ne da dala suke sayar da hajarsu, aikin yana da haɗari, sau da yawa a tsakiyar teku ake yin sa, kuma ƙungiyoyin ma'aikatansu, PENGASSAN ta manya da NUPENG ta ƙanana, suna da ƙarfin ciniki sosai. Don haka injiniyoyi biyu da suka zauna benci ɗaya a jami'a, suka fita da sakamako iri ɗaya, za ka iske albashinsu ya yi hannun riga, don kawai ɗaya ya shiga wannan ƙofa ɗaya ya shiga waccan.

Tsanin da ake hawa

Tun da na gwamnati ne yake a bayyane, bari mu ɗauke shi ya zama ma'auni. Tsarin matakan albashi daga na 1 zuwa na 17 ya samo asali ne daga kwamitin Jerome Udoji, wanda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1972, ya ba da rahotonsa a 1974. Mai digirin injiniya galibi daga mataki na 8 yake farawa. Daga nan sai na 9, sai na 10 inda zai zama babban injiniya, sai a tsallake na 11 a tafi na 12 da na 13. A mataki na 14 ne ake kiran mutum shugaban injiniyoyi. Na 15 da na 16 na mataimakan darakta ne, na 17 kuma shi ne darakta.

Bisa ƙa'idar aikin gwamnatin tarayya, daga mataki na 7 zuwa na 14 mutum zai yi aƙalla shekara 3 a kowane mataki kafin a ba shi damar zama jarrabawar ƙarin girma. Daga na 15 kuwa shekara 4 ce. To bari mu yi lissafi irin na aji. Daga 8 zuwa 14 hawa biyar ne, wato shekara 15. Daga 14 zuwa 17 kuma 3 da 4 da 4, wato shekara 11. Jimla shekara 26 ke nan kafin a zama darakta, shi ma in mutum bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba, kuma akwai gurbi a sama. Ga shi kuma doka ta ce ma'aikaci ya yi ritaya in ya kai shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 yana aiki.

Mu kawo lissafin kanmu. Ɗalibin da yake aji biyar yana da shekara 16, zai gama sakandare yana da 17, ya shiga jami'a yana da 18. Karatun injiniya shekara 5 ne, zai fito yana da 23, ya yi shekara ɗaya ta bautar ƙasa, ya kama aiki yana da 24, in Allah ya sa ya samu da wuri. Sai ya yi aƙalla shekara 4 yana aiki kafin hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970, ta yi masa rajista a matsayin cikakken injiniya. Kujerar shugaban injiniyoyi kuwa sai yana da shekara 39 zai fara hango ta. A kamfanoni ana iya yin sauri fiye da haka, amma ko a can babu mai damƙa tashar wuta a hannun wanda bai taɓa kwana gaban inji ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Akwai kuma wata ƙofar, ta kwalejojin fasaha, irin ta Umaru Ali Shinkafi da ke Sakkwato, da ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, da ta Kaduna. Mai ƙaramar difloma da mai babbar difloma su ne ƙashin bayan wannan aiki, kuma da yawa daga cikinsu sukan ƙaro karatu suna aiki har su kai ga shugabanci.

Abin da yake cikin albashi

Mutane da yawa in sun ji an ambaci albashin wani, sai su ɗauka kuɗin nan duka ne yake shiga aljihunsa. Albashi kashi-kashi ne. Akwai na tushe, akwai kuɗin gida da na sufuri, akwai alawus na haɗari da na kwanan aiki ga waɗanda aikinsu ya ƙunshi haka. Wasu kamfanoni suna ƙarawa da mota, da magani kyauta ga iyali, da wani abu a ƙarshen shekara in an ci riba. Sau da yawa waɗannan ƙare-ƙaren ne suke bambanta na mai da na gwamnati, fiye da albashin tushen kansa.

Sa'an nan akwai abin da ake cirewa. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire wa ma'aikaci aƙalla kashi 8 cikin 100 na albashin tushe da kuɗin gida da na sufuri, mai aikin kuma ya ƙara kashi 10, a ajiye masa don tsufa. Misali, a ce waɗannan ukun sun kama naira 500,000 a wata. Za a cire naira 40,000, mai aikin ya sa naira 50,000, a tara masa naira 90,000 kowane wata, amma ba zai taɓa su ba sai lokacinsu ya yi. Bayan wannan ga haraji, wanda yake ƙaruwa gwargwadon yawan albashi, ga kuma kuɗin ƙungiya. In an gama duk wannan, abin da ya saura shi ne za a raba tsakanin cefane, da kuɗin makarantar yara, da 'yan'uwan da suke ƙauye suna jira.

Yawan lamba da ƙarfin kuɗi

Wannan shi ne sashen da ya fi muhimmanci, kuma tarihinsa ya ratsa ta ƙofar gidanmu. Da aka aiwatar da rahoton Udoji, mafi ƙarancin albashin gwamnati ya koma naira 720 a shekara, wato naira 60 a wata, aka kuma biya ma'aikata bashin watannin baya a dunƙule. Dattawa suna ba da labarin yadda aka yi ta sayen kekuna da babura da akwatunan rediyo da "kuɗin Udoji". Amma 'yan kasuwa ma sun ji labari. A 1975 tsadar kaya ta tashi da fiye da kashi 30 cikin 100, ƙarin ya fara narkewa tun kafin a gama murna.

A watan Mayu na 1981 ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, a ƙarƙashin Hassan Sunmonu, ta shiga yajin aiki tana neman naira 300 a wata. Shugaban ƙasa a lokacin shi ne maƙwabcinmu, Alhaji Shehu Shagari, kuma a zamaninsa ne aka yi dokar mafi ƙarancin albashi ta ƙasa, aka tsayar da naira 125. Daga baya adadin ya yi ta hawa: naira 18,000 a 2011, naira 30,000 a 2019, naira 70,000 a 2024. A ƙarshen wannan shekara ta 2024 ne kuma aka naɗa wani ɗan garinmu, Alhaji Muhammad Maigari Dingyadi, Ministan Ƙwadago.

In ka raba 70,000 da 125 za ka sami 560. Wato a takarda albashi ya ninka sau 560. Amma a 1981 naira ta fi dala daraja, har naira 125 ta kai kimanin dala 200. A 2024 kuwa, da dala ɗaya ta kai naira 1,500 har ta wuce, naira 70,000 ba ta cika dala 50 ba. Lamba ta yi girma, ƙarfin kuɗin ya ragu. Abin da ya sami ƙaramin ma'aikaci shi ya sami babba, domin kasuwa ɗaya suke shiga. Saboda haka in an gaya maka albashin wani manaja, ka tambaya buhun gero nawa zai saya, kuma a wace shekara ake magana.

Wannan ne ya sa wasu injiniyoyinmu suke tafiya ƙetare. A Amurka, lissafin hukumar ƙididdigar ƙwadago ta ƙasar ya nuna matsakaicin albashin manajan injiniyoyi ya wuce dala 160,000 a shekara ta 2023, wato sama da dala 13,000 a wata. Wanda ya juya wannan zuwa naira sai kansa ya yi juyi. Sai dai a can da dala ake biyan haya da haraji da inshorar asibiti. Kuma duk ƙwararren da ya tafi, ƙasar da ta ilimantar da shi ce ta yi asara, layin da ya kamata ya kula da shi kuma ya koma hannun wanda bai kai shi sani ba.

Ina rabonmu?

Kada wani ya ce wannan aiki na mutanen Legas da Fatakwal ne. Allah ya hore wa ƙasar Sakkwato rana mai ƙarfi kusan duk shekara. Tun 1982 aka kafa cibiyar binciken makamashi a jami'ar Sakkwato, wadda aka sa wa sunan Usmanu Danfodiyo a 1988, kuma hasken rana na cikin manyan abubuwan da take bincike a kai. Yanzu ko'ina ka duba a ƙauyukan Bodinga da Shagari za ka ga faifan sola a kan rufi, ko a rijiyar burtsatse, ko a shagon cajin waya. Dokar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu da kansu. Duk waɗannan suna buƙatar masu kafawa, da masu gyarawa, da masu shugabanta. In ba mu yi karatun ba, daga wani wuri za a ɗauko su, mu kuwa mu tsaya a ɗaukar tsani da haƙa ramin falwaya.

Ƙofar shiga kuwa tana nan cikin ajinmu. Ba a karɓar mutum karatun injiniya sai ya ci Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Turanci da kyau a jarrabawar WAEC ko NECO, kuma su ɗin ne zai rubuta a JAMB. Amma sau nawa muke ganin ɗalibi ya gudu daga ajin kimiyya tun a zangon farko don an ce masa Lissafi yana da wuya? Sau nawa ake barin darasin gwaje-gwaje a tafi hira bayan ɗakin kwana? Ya kamata mu tuna cewa Shehu Shagari kansa, kafin ya shiga siyasa, malamin kimiyya ne a Makarantar Midil ta Sakkwato. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda yake son albashin shekara 39, tun yana da 16 yake fara biyan kuɗinsa, a lokacin karatun dare.

Ku kuma iyayenmu, muna roƙonku da girmamawa ku ƙara haƙuri da mu. Mun san damina ba ta jira, mun san hannu ɗaya da ya ragu a gona babban rashi ne, kuma mun san akwai tsaranmu da suka bar makaranta suka kama acaba ko suka tafi cin rani, suna turo ɗan abin da ya samu tun yanzu. Hanyar injiniya doguwa ce, shekarunta na farko kashewa ake yi ba samu ba. Amma wanda aka cire a tsakiyar hanya ya rasa biyu, bai zama injiniya ba, bai kuma ƙware a noma ba. Haka kuma 'yan'uwanmu mata, babu dokar da ta hana su wannan karatu, kuma a Lissafi da yawansu sun fi mu. A bar su su gwada.

Abu na ƙarshe shi ne amana. Manajan injiniyoyi yana sa hannu a takardun kwangila na miliyoyi, shi yake cewa wannan waya ta yi, waccan ba ta yi ba. In ya raina albashinsa ya karɓi na goro, ya bari aka sa kaya marasa kyau, ranar da abin ya kama da wuta talakawa ne za su kwana cikin duhu, asibiti ya rasa wutar yin aiki, mai injin niƙa ya rasa abin kai wa gida. Don haka wanda bai iya riƙe kuɗin ƙungiyar aji ko makullin ɗakin ajiya da gaskiya ba, ya fara gyara wannan tun yanzu, gama ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya saka wa iyayenmu da malamanmu da alheri, ya sa wata rana a ce wanda yake kula da wutar Sakkwato daga wannan makaranta ya fito. Amin.